Jirgin Tromso zuwa Longyearbyen: kilomita 950 ne kawai, amma kar gajartar tafiyar ta ruɗe ku

Duk wanda ya buɗe taswira ya ga inda tsibiran Svalbard suke sai ya ɗauka tafiyar yini guda ce daga Norwe, saboda suna can ƙurya a sama, ga teku shimfiɗe a tsakani. Alhali ba haka ba ne. Daga filin jirgin Tromso, wani gari a arewacin Norwe, zuwa na Longyearbyen, babban garin Svalbard, wajen kilomita 950 ne a miƙe, kuma abin da ake rubutawa a tikiti yawanci awa ɗaya da minti 35 zuwa 40 ne. Taswirar ce ke ruɗin mutum, irin wadda muka saba gani a waya da bangon aji tana kumbura duk abin da ke kusa da ƙarshen arewa, shi ya sa Svalbard ke fitowa da girma da nisa fiye da yadda take. To ni dai na bi wannan hanya a farkon watan Maris, kuma tunda mutane suna yawan tambaya a kanta bari in faɗi yadda na ga aikin jirgin, abin da ya burge ni da abin da ya kamata mutum ya shirya masa kafin ya biya kuɗinsa.

Kamfanoni biyu ne aka fi sani a hanyar, SAS da Norwegian, kuma manyan jirage suke sawa, 737 ko A320, ba 'yan ƙananan nan masu farfela ba kamar yadda wasu ke zato. Wannan ne abu na farko da ya kwantar min da hankali gaskiya. Irin waɗannan jirage suna gudun kilomita 800 da wani abu a awa, to in ka yi lissafi za ka ga kilomita 950 bai kamata ya wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, sauran lokacin yana tafiya ne a hawa sama da saukowa da kuma jan jiki a ƙasa kafin a kai titin tashi. Wato lokacin da ke kan tikiti daga ƙofa ne zuwa ƙofa, ba lokacin da kake cikin iska kaɗai ba. Na faɗi wannan ne don na ji wasu na cewa wai matuƙin ya yi sauri ya riga lokaci, a'a, dama an saka rara a ciki. Kuma tunda hanyar kudu ce zuwa arewa kusan sak, babbar iskar nan ta sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas ba ta cika sa zuwa da dawowa su bambanta sosai ba, ba kamar mai tashi daga Turai zuwa Amurka ba wanda zuwansa ya fi dawowarsa tsawo. Agogo ma ba a canzawa, lokacin Svalbard ɗaya ne da na Oslo.

Amma fa wannan awa ɗaya da minti 40 ɗin a takarda take. A lokacin sanyi akwai abin da ba a rubutawa a tikiti, shi ne wanke ƙanƙara daga fukafukan jirgi. Mun shiga mun zauna kowa ya ɗaura bel, jirgi ya ja baya, sai aka kai mu wani gefe mota mai dogon hannu ta zo tana feso mana wani ruwa mai zafi mai launin ruwan lemo, tururi na tashi, tagar da nake kusa da ita ta rufe gaba ɗaya da kumfa kafin ruwan ya gangare. Ba wasa ba ne kuma ba ɓata lokaci ba ne, ƙanƙara in ta kwanta a fiffike tana canza yadda iska ke bi ta kansa har jirgi ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, don haka ni ko awa za su yi suna wankewa ban da ta cewa. Sai dai mutum ya san cewa wannan yana ƙara lokaci, kuma in jirage sun yi layi a wajen wankin to sai haƙuri.

Yanzu ga babban abin da nake so kowa ya riƙe, maganar takardu. Svalbard ƙarƙashin Norwe take tun yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris a 1920, amma ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, wanda Norwe ke ciki. Ma'ana ko da yake daga garin Norwe ka tashi kuma ƙasar Norwe za ka sauka, sai ka bi ta wajen duba fasfo kamar mai fita waje. Svalbard ita kanta ba ta neman biza a wajen kowa, ko daga ina kake, to amma ta ina za ka bi ka je? Dole ta Oslo ko Tromso. In kana cikin masu buƙatar bizar Shengen, to da zarar ka tashi zuwa Longyearbyen an rubuta cewa ka fita daga yankin, kuma dawowarka sabuwar shiga ce. In bizarka ta shiga ɗaya ce tak to ka shiga matsala wallahi, don ka riga ka cinye ta tun zuwanka na farko. Sai ka nemi mai shiga biyu ko mai shiga da yawa tun daga ofishin jakadanci, kuma ka faɗa musu a fili cewa Svalbard za ka. Shafin da na sayi tikitina a intanet ko kalma ɗaya bai ce ba a kan wannan, ya nuna hanyar kamar kowace tafiyar cikin gida, kuma a ganina wannan sakaci ne babba, domin mutum zai iya kashe kuɗin jirgi da otal ya zo ya tarar da abin da bai taɓa tunani ba a gaban jami'in shige da fice. Layi ɗaya na gargaɗi ya isa ya hana wannan.

Masu tasowa daga Oslo su ma su sani, akwai jirgin da ke tafiya kai tsaye, wajen kilomita 2,000 ne kuma awa uku ake yi, akwai kuma wanda ke yada zango a Tromso. A mai yada zangon ba zama za ka yi a kujerarka kana jira ba, ana saukowa ne da jakar hannu a bi ta wajen fasfo sannan a sake shiga. Waɗanda muka haɗu da su a ɗakin jira irinsu ne, wasu da yara wasu da manyan riguna a hannu, wurin kuma ba shi da faɗi sosai bayan an wuce fasfo, don haka in kana son abin ci ko sha ka saya tun kafin ka tsallaka.

Shi filin jirgin Tromso ba ni da ƙorafi a kansa. Yana kan tsibiri ɗaya da garin, 'yan mintoci ne a mota, har akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa mai shataletale a cikin dutse da ke fitar da kai kusa da shi. Hukumar Avinor ce ke kula da shi, ita ce kuma ke kula da na Longyearbyen.

Tafiyar kanta kuwa, minti goma na farko duwatsun arewacin Norwe ne farare fat da rassan teku suna ratsa su, daga nan sai ƙasa ta ƙare. Shi ke nan sai ruwa. A nan ne na fahimci cewa kilomita 950 ɗin nan ba irin kilomita 950 na sauran wurare ba ne, don a wasu hanyoyin duk minti kaɗan akwai gari a ƙarƙashinka da filin jirgin da za a iya sauka in wani abu ya taso, nan kuwa tekun Barents ne kawai. A tsakiyar hanya akwai wani ɗan tsibiri, Bjornoya, wanda babu kowa a kansa sai ma'aikatan tashar duba yanayi, kuma babu titin da irin wannan jirgi zai sauka. Mu dai girgije ya rufe shi ba mu gan shi ba, matuƙin ne ya sanar cewa muna wucewa ta kusa da shi. A Svalbard ɗin ma babu wani fili na biyu da zai ɗauki babban jirgi, na Ny-Alesund ƙarami ne na 'yan jiragen da ke kai masu bincike. To ƙa'idar sufurin sama ita ce jirgi ya ɗauki man da zai kai shi wani filin in na farko ya ƙi sauka, a wannan hanya kuwa wani filin yana nufin komawa babban yankin Norwe. Shi ya sa in yanayi ya ɓaci a Longyearbyen, hazo ko iska mai ƙarfi ko guguwar dusar ƙanƙara, ba sa gangancin tashi, gara a jinkirta ko a soke. Ni a wajena wannan abin yabo ne, amma dole ka saka shi a lissafin tafiyarka.

Hidimar cikin jirgi ba wani abin a zo a gani ba ce, irin ta gajerun hanyoyin Turai, keke ya wuce sau ɗaya da shayi da kofi da 'yan abin taɓawa na sayarwa, da kati ake biya. Ma'aikatan suna da fara'a, kuma sanarwa da harshen Norwe da Turanci ake yi. Kujera daidai gwargwado, sai dai kowa ya shigo da jibgegiyar rigar sanyi da manyan takalma don haka ma'ajiyar kaya ta sama tana cika da wuri, wanda ya shigo a ƙarshe sai ya rungumi rigarsa a cinya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne fasinjojin. Rabi masu yawon buɗe ido ne da kyamara a wuya, sauran kuwa kana gani ka san mutanen gari ne, ɗalibai na cibiyar jami'a da ke can, ma'aikata, wata mata da ke kusa da ni ko kallon taga ba ta yi ba tana ta saƙa abinta har muka sauka. A wajensu wannan jirgi shi ne hanyar fita da shiga. Garin Longyearbyen mutum wajen 2,500 ne a cikinsa, asibitinsu ƙarami ne, mai ciwo mai tsanani jirgin ɗaukar marasa lafiya ne ke kai shi babban asibitin Tromso, mata masu juna biyu ma ana so su tafi babban yanki makonni kafin haihuwa. In ka san wannan sai ka daina kallon hanyar a matsayin ta 'yan yawo kawai, rayuwar gari guda ce ta rataya a kanta.

Minti ashirin ɗin ƙarshe su ne suka biya ni kuɗina, ban ƙara gishiri ba. Girgije ya yaye daidai lokacin da muka kai kudancin Spitsbergen, babban tsibirin Svalbard, sai ga duwatsu masu tsini jere iya ganinka, tsakaninsu ƙanƙara ta cika kwaruruka tana gangarowa har bakin teku, babu hanya babu gida babu bishiya ko ɗaya, rana kuma tana can ƙasa-ƙasa ta shafa wa kawunan duwatsun wani ja-ja mai haske alhali gindinsu shuɗi ne. Jirgin ya yi tsit, har masu surutu suka yi shiru, kowa ya karkata wajen taga. Don haka in za ka biya ƙarin kuɗi don zaɓar kujera to wannan ce hanyar da ta cancanta, ka nemi taga kuma ka guji saitin fiffike. Amma ka duba watan da za ka je, domin daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa kwata-kwata a can, a tsakiyar wannan lokaci ko da azahar ka sauka duhu ne, tagar ba za ta nuna maka komai ba sai fitilun titin jirgi. Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta kuma akasin haka ne, rana ba ta faɗuwa, ko jirgin tsakar dare ka bi za ka ga komai tarwai.

Saukar tana buƙatar gwaninta. Filin yana bakin ruwa ne a wani ɗan tsiri da ake kira Hotellneset, gefe ɗaya teku gefe ɗaya dutsen Plataberget, titi ɗaya ne tak mai tsawon kusan kilomita biyu da rabi. Duwatsun da ke kewaye ba abin wasa ba ne, a ranar 29 ga Agustan 1996 wani jirgin Rasha da ya taso daga Mosko ɗauke da ma'aikatan haƙar kwal da iyalansu ya bugi dutsen Operafjellet yana shirin sauka, mutum 141 suka rasu, har yau shi ne hatsarin jirgi mafi muni a tarihin Norwe. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, na kawo shi ne don a gane dalilin da ya sa ba a sassauci da maganar yanayi a wannan fili. Mu saukarmu lafiya lau, an ɗan girgiza kaɗan da muka shigo saitin dutsen saboda iska, daga nan taya ta taɓa ƙasa a hankali.

Wani abin mamaki shi ne titin jirgin a kan daskararriyar ƙasa aka shimfiɗa shi, irin wadda ba ta narkewa duk shekara sai 'yar samanta da rani. An buɗe filin a 1975, kafin nan jirage a wani kwari da ake kira Adventdalen suke sauka, kuma sai lokacin sanyi da ƙasa ta daskare ta yi tauri. A da, kafin jiragen sama su fara zuwa, in teku ya rufe da ƙanƙara jiragen ruwa sun daina zuwa to garin ya yanke daga duniya ke nan na tsawon watanni. Tafiyar da jirgin ruwa ke yi a kwanaki ita ce yanzu ake yi kafin ka gama shan kofi ka ɗan gyangyaɗa. Kuma wannan fili shi ne mafi kusa da ƙarshen arewacin duniya cikin duk filayen da jiragen fasinja ke zuwa a kan jadawali, yana kan digiri 78 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Tromso kuwa tana kan 69, daga Longyearbyen zuwa tsinin arewacin duniya saura wajen kilomita 1,300.

Babu rumfar nan da ake jonawa da ƙofar jirgi, matakala ake kawowa ka sauko ka taka da ƙafa zuwa ginin. To don Allah kar ka saka rigar sanyinka a babbar jaka. Taku kaɗan ne amma sanyin yana ƙasa da sifili sosai kuma iskar bakin teku tana yanka fuska, numfashin farko da na ja sai da na ji gashin hancina ya ƙage. Hula da safar hannu su kasance a aljihunka tun kana cikin jirgi. Ginin ƙarami ne mai tsabta, na yanzu an buɗe shi a 2007, a wajen ɗaukar kaya akwai wani farin beyar, ƙaton naman dajin nan na yankin ƙanƙara, matacce da aka cika fatarsa aka tsayar a tsakiyar bel ɗin da jakunkuna ke zagayawa, kowa sai ya tsaya ya ɗauke shi hoto. Kayanmu ba su daɗe ba suka fito tunda jirgi ɗaya ne a filin. A waje kuma akwai sanda mai alluna da ke nuna nisan manyan biranen duniya, in ka ɗaga kai sama kuma a jikin dutsen za ka hango bakin ƙofar rumbun ajiyar irin shuka na duniya da aka buɗe a 2008.

Daga fili zuwa gari kilomita biyar ne ko kusa da haka, bas yana jira a ƙofa kuma lokacinsa a haɗe yake da saukar jirgi, yana bi otal-otal yana sauke mutane, tasi ma akwai amma ba yawa. Kar ka ce kusa ne bari in taka, ba wai don sanyi kaɗai ba, fararen beyar na gaske suna yawo a tsibirin kuma duk wanda zai fita wajen gari dole ya kasance da abin kare kai, shi ya sa baƙi ke bin jagora mai bindiga. Ka shiga bas ɗinka kawai.

Maganar kuɗi, da kuronar Norwe ake ciniki, kuma farashin tikiti yana hawa yana sauka sosai gwargwadon lokaci. Maris da Afrilu da kuma tsakiyar rani su ne lokacin cunkoso, in ka bari sai dab da tafiya za ka biya kuɗin da zai sa ka tambayi kanka ko awa ɗaya da rabi ce ko ƙetare nahiya. Dalili a fili yake, jiragen kaɗan ne, wata ranar ɗaya ne tak daga Tromso, kuma babu mota babu jirgin ƙasa da za ka ce bari in bi. Ka kuma duba da kyau ko tikitin mai araha ya haɗa da babbar jaka, don tafiya irin wannan ba a yin ta da 'yar jakar hannu, kayan sanyi kaɗai sun cika akwati.

In maki zan ba wa hanyar, huɗu cikin biyar zan ba ta. Jirage masu kyau, matuƙan da suka san wurin, filaye biyu marasa hayaniya, ga kallon da ba na jin akwai irinsa a wata gajeriyar hanya. Ɗayan da na rage saboda rashin bayanin biza ne a wajen sayen tikiti da kuma ƙarancin jiragen, wanda ke sa in an soke ɗaya sai ka jira a samo maka gurbi a na gaba, shi ma ƙila a cike yake. Don haka wajen dawowa kar ka haɗa jirgin Longyearbyen da wani babban jirgi na ƙasa da ƙasa a rana ɗaya da tazarar awa biyu, musamman in tikitocin daban-daban ka saya, domin in na farko ya makara kamfani na biyu ba ruwansa, kai za ka sake biya. Ka kwana a Tromso ko Oslo a tsakani, kuma ka tuna a dawowar akwai layin fasfo tunda daga wajen Shengen kake shigowa, ga kuma binciken kwastan, wannan ma lokaci yake ci.